Matoshin Sigma: Maganin Ciwon Da Bai Iso Kasuwa Ba Tukuna

Duk wanda ya san Zangon Kumasi, tun daga unguwannin da ke kewaye da fadar Manhyia ta Sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II, har zuwa Alabar da Aboabo da Asawase, ya san cewa arzikin wannan wuri a kan wuya da gadon bayan mutane yake tafiya. Buhunan albasa da ake saukewa daga manyan motocin da suka taso daga Galmi ta ƙasar Nijar, da huhunan goro da ake lodawa zuwa Arewa, da dilolin atamfa da ake ratsawa da su cikin cinkoson kasuwar Kejetia, duk da ƙarfin ɗan Adam ake ɗaga su. Idan dare ya yi, ɗan dako da 'yar kayayo da direban da ya kwana biyu a kan sitiyari daga Paga, kowannensu yana komawa makwanci da ciwon baya ko na ƙugu ko na gwiwa, kuma gobe da asuba dole ya sake fita.

Wannan ciwon ne ya buɗe wa Tramadol ƙofa a kasuwanninmu, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya. Shi ya sa duk lokacin da aka ji labarin wani sabon sinadari da masana ke gwadawa don kashe ciwo ba tare da ya mai da mutum bawansa ba, kunnuwa sukan tashi, na marasa lafiya da na 'yan kasuwa baki ɗaya. A wannan makon mun ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin wani rukuni na irin waɗannan sinadarai, wato masu toshe abin da masana ke kira makarɓin sigma a cikin jijiyoyin jiki, mu faɗi abin da aka gano game da su, da inda aka tsaya, da kuma dalilin da ya sa bai kamata wani ɗan kasuwa ya yarda a ɗora masa su a matsayin haja ba.

Yadda muka iso nan

Tramadol ba haramtaccen abu ba ne a asalinsa. Kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya fitar da shi kasuwa a 1977, kuma har yau likitoci na rubuta shi ga wanda aka yi wa tiyata ko ya karye. Ƙwayoyin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA, ta amince da su masu ƙarfin miligiram 50 ne da 100, kuma ko a asibiti ba a wuce wa babban mutum miligiram 400 a yini guda. To amma abin da ya cika kasuwannin kan iyaka daga Sinkase zuwa Bawku, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, shi ne mai 120 da mai 200 da mai 225 da mai 250, wanda yaro zai haɗiyi biyu ko uku da lemon ƙara kuzari. Sakamakon da aka fi gani shi ne faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya, da kasa barin ƙwayar ko da mutum ya so.

Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 4.6 ne suka sha magungunan kashe ciwo dangin Tramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda. A 2018 ƙasar Indiya ta tsaurara dokar fitar da Tramadol, Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin, ita ma Ghana ta hana shi tare da taƙaita sayar da Tramadol. Idan ba a manta ba, ba a daɗe ba sai wata ƙwayar ta maye gurbi, wadda matasan Ghana ke kira Red, haɗin tapentadol da carisoprodol, haɗin da babu ƙasar da ta ba shi lasisi a matsayin magani. Sai a watan Fabrairun 2025, bayan wani binciken da BBC ta watsa, Indiya ta haramta haɗa shi da fitar da shi.

Abin lura a nan shi ne, an toshe wata hanya, wata ta ɓulle, domin ciwon da ke kai mutane ga ƙwaya yana nan daram. Ba na 'yan dako kaɗai ba ne. A asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke nan Kumasi aka fara gwajin cutar sikila ga jarirai tun 1995, a ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma kusan jarirai biyu cikin kowane ɗari da ake haifa a Ghana suna zuwa da ita. Ga masu ciwon sukari da ƙafafunsu ke zugi da daddare kamar an zuba musu barkono, ga masu ciwon daji. Waɗannan bayin Allah suna bukatar magani mai ƙarfi na gaskiya, kuma saboda irinsu ne masana suka shafe shekaru kusan 50 suna bin diddigin sigma.

Mene ne makarɓin sigma?

Jikin ɗan Adam cike yake da jijiyoyi masu kai saƙo daga fata da gaɓoɓi zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Magani ba ya aiki da ka, sai ya sami wurin da zai zauna a jikin ƙwayoyin halittar waɗannan jijiyoyi. Wannan wurin zaman shi ake kira makarɓi. Mai karatu ya ɗauke shi kamar kwaɗon ƙofar shago: akwai mabuɗin da zai shiga ya murɗa ƙofa ta buɗe, akwai kuma wanda zai shiga ya zauna daram, bai buɗe ba, bai kuma bar wani mabuɗin ya shiga ba. Na biyun nan shi ne matoshi, kuma shi ne batunmu.

A 1976 wani likitan Amurka mai suna William Martin, wanda ke aiki a cibiyar binciken jarabar ƙwayoyi da ke garin Lexington a jihar Kentucky, ya gwada magunguna dangin mofin a jikin karnuka, ya ga ba iri ɗaya suke aiki ba. Sai ya raba makarɓansu gida uku, ya raɗa wa kowanne suna da harafin Girkanci: mu saboda mofin, kappa saboda wani sinadari da sunansa ya fara da harafin K, sai sigma saboda wani mai lamba SKF-10,047. Daga baya aka gano cewa sigma ba ɗan gidan mofin ba ne ko kaɗan, domin naloxone, allurar da ake yi wa wanda mofin ya yi wa yawa don a farfaɗo da shi, ba ta hana abin da ke faruwa a wannan makarɓi. Sunan dai ya riga ya bi shi.

An ɗauki shekaru ashirin kafin a kama shi a hannu. A 1996 masu bincike a birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya suka ware irin na farko, sigma-1, daga hantar ɓeran Masar, suka karanta tsarin halittarsa. A 2007 Teruo Hayashi da Tsung-Ping Su, a cibiyar binciken miyagun ƙwayoyi ta gwamnatin Amurka, suka nuna cewa shi ba a bakin ƙofar ƙwayar halitta yake zaune ba kamar sauran makarɓai, a can ciki yake, kuma aikinsa ya fi kama da na dillali: idan ƙwayar halitta ta shiga matsi, sai ya tashi ya je wurin wasu makarɓan ya ƙara musu ƙarfi ko ya rage. A 2016 ɗakin binciken Andrew Kruse a Jami'ar Harvard ya fitar da cikakkiyar siffarsa, a 2017 kuma suka gano ainihin furotin ɗin da ake kira sigma-2.

Ba baƙo ba ne a kantunan magani kamar yadda za a zata. Haloperidol, wanda ake bai wa masu taɓin hankali a asibitocinmu, yana zama a kansa da ƙarfi. Dextromethorphan da ke cikin wasu magungunan tari yana taɓa shi. Hodar ibilis ma tana taɓa shi. Matsalar ita ce duk waɗannan suna taɓa wasu wuraren da yawa a lokaci guda, don haka ba a iya sanin wane aiki ne na sigma, wane ne na maƙwabta. Wannan ne ya sa masana suka zauna suka ƙera sinadarai na musamman waɗanda ba su da aiki sai toshe wannan kwaɗo ɗaya.

Abin da toshewar ke yi

Sinadaran ba su da sunaye masu daɗin faɗa, sai lambobi kamar na mota. Akwai BD-1047 da BD-1063 da aka ƙera a Amurka aka kuma bayyana aikinsu a 1995, akwai NE-100 na kamfanin Taisho na Japan. Waɗannan kayan aiki ne na ɗakin gwaje-gwaje, kamar yadda ma'auni yake ga mai sayar da hatsi. Ana ba ɓeraye su don a ga abin da zai canza.

Abin da aka gani ya ja hankali. Tun a farkon shekarun 1990, Gavril Pasternak da abokin aikinsa Chih-Cheng Chien a birnin New York sun nuna cewa idan aka toshe sigma-1 a jikin ɓera, mofin yakan ƙara ƙarfin kashe ciwo, idan kuma aka zaburar da shi, ƙarfin mofin yakan ragu. Wato kenan jiki yana da wani birki da yake taka wa maganin ciwo, sigma-1 ne kuma ke riƙe da birkin. Masana a Jami'ar Granada ta ƙasar Sifen sun ci gaba da wannan aiki, suka ga ɓerayen da aka haifa ba su da sigma-1 ba sa kamuwa da irin tsananin zugin da ke biyo bayan raunin jijiya, wanda ko taɓawar tufafi ke zama azaba. Wasu kuma, irin su Rae Matsumoto a Amurka, sun nuna cewa matosan sigma suna rage jijjiga da mutuwa ga ɓerayen da aka ɗura wa hodar ibilis mai yawa.

Wanda ya fi nisa a cikinsu shi ne E-52862, wanda ake kuma kira S1RA ko MR309, na kamfanin Esteve da ke birnin Barcelona. An bayyana shi ga duniyar masana a 2012. A jikin ɓeraye ya rage ciwon jijiya shi kaɗai, kuma da aka haɗa shi da mofin ya ƙara ƙarfin kashe ciwon ba tare da ya ƙara jaraba ko taurin bayan gida da mofin ke jawowa ba. Ko shakka babu wannan shi ne mafarkin kowane likita: a ba mara lafiya mofin kaɗan, ya sami sauƙi mai yawa.

Daga nan aka matsa zuwa mutane. An fara da masu lafiya don a ga ko jiki zai ɗauka, sannan aka gwada shi a asibitocin Turai ga mutum sama da ɗari masu ciwon dajin hanji, waɗanda ake yi wa wani magani mai suna oxaliplatin da ke lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, har mutum ya kasa taɓa ruwan sanyi. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna waɗanda suka sha miligiram 400 a rana sun fi samun sauƙin wannan matsala a kan waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta. Masu binciken da kansu sun ce gwajin ƙarami ne, yana bukatar a maimaita shi da mutane masu yawa.

To ina maganin yake?

Amsar a taƙaice ita ce bai fito ba. Babu wata hukumar magunguna, ko a Turai ko a Amurka ko a Ghana ko a Nijeriya, da ta amince da E-52862 a matsayin maganin da za a sayar, su kuwa BD-1047 da 'yan uwansa ko hanyar ba su hau ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda ake haihuwar magani. Bayan dabbobi akwai matakai uku a jikin mutane: na farko don a ga ko yana cutarwa, na biyu don a ga ko yana aiki da kuma nawa ya kamata a sha, na uku a kan ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya don a tabbatar. Tafiyar takan ci shekaru goma ko fiye, kuma kusan tara cikin goma na sinadaran da suka fara gwaji a jikin mutane ba sa kaiwa kanti. Ko a gidan sigma an taɓa gani. A shekarun 1980 an sa rai sosai a kan wani mai suna rimcazole a matsayin maganin taɓin hankali, da aka gwada shi a kan marasa lafiya bai yi abin da ake fata ba, aka ajiye shi.

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma labarin itacen tafashiya ya ishe mu misali. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami Tramadol a cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, har aka fara murnar cewa itacen ne ke haɗa shi da kansa. Shekara guda bayan haka wasu masana daga Jamus suka bi sawu, suka nuna cewa manoman yankin ne ke sha suna kuma ba shanun huɗarsu ƙwayar don su jure aiki, fitsarinsu ya shiga ƙasa, saiwa ta zuƙa. Wannan labari ya nuna abu biyu: irin nisan da ƙwayar ta yi a ƙasashenmu, da kuma cewa labarin farko da ya fito daga ɗakin bincike ba shi ne na ƙarshe ba.

Darasin da Saliyo ta koya mana

Me ya haɗa fatake da wannan dogon bayani? Abin da ya haɗa su shi ne rubutun da ke jikin kwalba. Kamfanonin da ke sayar wa jami'o'i kayan gwaji suna tallar waɗannan sinadarai a intanet, a ƴan ƙananan kwalabe masu ɗauke da miligiram kaɗan, kuma a jikin kowace an rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don mutum ko dabba su sha ba. Wannan rubutu gaskiya yake faɗa. Sai dai masu safarar miyagun ƙwayoyi sun daɗe da gano cewa irin wannan rubutu yana iya zama rigar da za su sa wa hajarsu don ta wuce idon jami'an kwastan.

Ƙasar Saliyo ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarun 1950 kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ya ƙera wani rukunin sinadarai da ake kira nitazene yana neman maganin ciwo. Ba a taɓa amincewa da su ba saboda haɗarinsu, domin wasu daga cikinsu sun ninka mofin ƙarfi sau ɗaruruwa. Sun yi shekaru fiye da sittin a cikin takardun masana, sai ga su sun ɓulla a tituna. A watan Afrilun 2024 Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan wani abin maye da ake kira kush wanda ke kashe matasa a Freetown, kuma gwaje-gwajen da aka wallafa a 2025 sun tabbatar da nitazene a cikin da yawa daga samfuran da aka duba. Abin da masana suka ajiye don ya fi ƙarfin asibiti, shi aka sayar wa yara a naɗe cikin takarda.

Matosan sigma ba don sa maye aka ƙera su ba, kuma ba dangin nitazene ba ne. Amma darasin ɗaya ne. Duk garin da ya zo a leda ko kwalba da sunan sinadarin bincike, babu wanda ya san adadin da jikin mutum zai ɗauka, babu wanda ya san abin da zai yi wa hanta ko ƙoda ko mai juna biyu, kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa abin da aka rubuta a waje shi ne a ciki. Ga wani haɗarin na musamman: abin da aka ƙera don ya ƙara wa mofin ƙarfi, ba a san abin da zai yi ba a cikin yaron da ya riga ya haɗiyi Tramadol mai 225. Sayen irin wannan cinikin biri a sama ne, kuma da ran mutane ake yin sa.

Abin da ya rage gare mu

Kakanninmu da suka riƙa ratsa daji da ayarin jakuna daga Kano zuwa Salaga, daga baya suka kafa zango a Kumasi saboda goro, ba su bar mana jarin da ya wuce amana ba. Da ita Bahaushe ke karɓar kaya bashi a Kejetia ya biya bayan ya dawo daga Wagadugu. Kwali ɗaya na ƙwaya da aka kama a ƙarƙashin buhunan albasa a Paga ko Aflao ko Elubo yakan sa a sauke motocin mutum hamsin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, albasa ta ruɓe a rana, a kuma riƙa kallon duk mai doguwar riga da ido ɗaya.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa fatake da direbobi da masu shaguna da su kula da waɗannan abubuwa. Kada a karɓi saƙon da aka ɗaure ba a ga cikinsa ba, ko da daga hannun wanda aka sani ne, domin a gaban hukuma wanda aka kama kaya a motarsa shi ke amsa tambaya. Dokar da Ghana ta kafa a 2020, wadda ta haifi hukumar NACOC, ta sassauta wa mai shan ƙwaya don a nema masa magani, amma ta tanadi ɗaurin shekaru masu yawa ga mai safara. Duk maganin da za a ajiye a shago a duba lambar rajistar FDA idan a Ghana ne, ko ta NAFDAC idan a Nijeriya ne. Tramadol da ya wuce miligiram 100 a ƙwaya ɗaya a kasuwa, alama ce ta kayan da suka biyo ta bayan gida. Wanda kuma ya zo da wani gari ko ƙwaya mai lamba maimakon suna, yana cewa sabon magani ne daga Turai da bai iso asibiti ba, a gane cewa idan bai iso asibiti ba, to ba magani ba ne tukuna.

Masu gidajen da ke ɗaukar yara aikin lodi su ma suna da nasu kason. Buhun da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a sa mutum biyu, a bar yaro ya huta, domin yawancin waɗanda suka faɗa wannan rami da neman ƙarfin aiki suka fara. Wanda ciwo ya ƙi saki, musamman zugin ƙafa da daddare ko mutuwar yatsu, ya je asibitin gwamnati na Manhyia ko Komfo Anokye a auna masa sukari a duba jijiyoyinsa, domin ciwon jijiya yana da magungunansa da aka riga aka amince da su, kuma sau da yawa ba Tramadol ne ya dace da shi ba. Malamanmu da sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, maganarsu tana shiga inda ta jami'in gwamnati ba ta shiga.

Su kuwa masana, aikinsu a kan sigma yana ci gaba, kuma muna musu fatan nasara, domin mu ne kan gaba wajen bukatar abin da suke nema. Ranar da ya cika sharuɗɗa, zai iso mu ta ƙofar gaba, da sunansa da lambar rajistarsa da takardar likita. Kafin wannan rana, Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a nemanmu, amin.